Yini Guda a Gandun Dajin Gashaka-Gumti: Amsoshin Tambayoyin Masu Son Zuwa Kallon Namun Daji

Na daɗe ina raka baƙi zuwa Gashaka. Wasu ɗalibai ne, wasu ma'aikata ne da suka samu hutu, wasu kuma magidanta ne da suka kwaso iyali don yara su ga daji da idonsu. Tambayoyin da ake yi mini kafin a kama hanya kusan ba sa canzawa, shi ya sa na ga gara in tattara su wuri guda. Abin da nake so kowa ya sani tun daga gida shi ne, Gashaka daji ne na tsaunuka da kurmi, a ƙafa ake ganin mafi yawansa, kuma dabbobin da ke ciki ba a ɗaure suke suna jiran baƙo ba. Wanda ya taho da wannan a ransa ba ya komawa da ɓacin rai.

Wai a ina Gashaka-Gumti yake?

A gabashin Najeriya, jingine da iyakar Kamaru. Ɓangaren kudu, wato Gashaka, yana cikin jihar Taraba, ɓangaren arewa kuma, wato Gumti, yana cikin Adamawa ta wajen Toungo. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,400, don haka babu gandun dajin ƙasa da ya kai shi girma a Najeriya. A shekarun 1970 aka fara keɓe yankunan biyu don kare namun daji, sai a 1991 gwamnatin tarayya ta haɗe su ta mai da su gandun daji na ƙasa. Hedikwatarsa tana garin Serti, kuma daga nan mafi yawan baƙi suke shiga, ta ƙofar Bodel.

Ɓangarorin biyu ba su yi kama da juna ba. Gumti ya fi shimfiɗuwa, ciyawa ce da itatuwa jefi-jefi irin dajin da muka saba da shi. Gashaka kuwa hawa da gangara ne, da kwazazzabai, da koguna, da kurmi mai duhu. Ƙasar tana tashi daga wajen mita 300 a kwari har zuwa mita 2,419 a ƙololuwar Chappal Waddi, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Najeriya. Kusan duk abin da zan faɗa a nan a kan ɓangaren Gashaka ne.

Kamar Yankari yake?

A'a, kuma wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini tun da wuri. Wanda ya san Yankari ya saba da shiga mota a zagaya da shi bakin kogin Gaji, ya ga gwanki da gwambaza daga kan kujera, in da rabo ya ga giwaye, ya dawo ya faɗa ruwan Wikki. A Gashaka mota tana kai ka wani wuri ne ta tsaya, sauran aikin na ƙafarka ne da kunnenka. Ciyawa tana da tsawo, kurmi yana da duhu, dabba tana jin tafiyarka tun kafin ka hango ta. Sau da yawa abin da za ka fara samu sawu ne a laka, ko kashi, ko reshe da ke girgiza bayan wani abu ya bar shi.

Abin da Gashaka yake da shi wanda babu a Yankari shi ne birai na kurmi, da manyan tsaunuka, da yalwar koguna. Kogin Kam, da Mayo Gashaka, da Mayo Gamgam, da Mayo Yim duk daga waɗannan duwatsu suke gangarowa, su zuba a kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Ruwan da kake tsallakawa da takalmi a hannu da safe, shi ne wanda masu noman rani da masunta suke dogara da shi can ƙasa. Ni a wurina wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa.

Yini ɗaya ya isa kuwa?

Ya isa a ɗanɗana, muddin an kwana a Serti. Wanda ya ce zai taso daga Jalingo da safe, ya shiga daji, ya koma a ranar, a mota zai ƙare yininsa.

Yadda muka saba yi shi ne, ana idar da sallar asuba a kama hanya, a biya a ɗauki jagora, a shiga ta Bodel gari bai gama wayewa ba. Sa'o'in nan biyu ko uku na farko su ne zuciyar yinin, domin lokacin ne dabbobi suke fitowa kiwo, birai kuma suke hawa saman itatuwa shan hantsi. Ana tafe ana tsayawa har a kai ƙauyen Gashaka. Daga nan a sauka a taka cikin kurmin bakin rafi na awa biyu ko uku. Idan rana ta take, daji yakan yi tsit, kowace dabba ta nemi inuwa, mu ma sai mu nemi tamu, a ci abinci, a yi salla, a huta. Bayan la'asar a leƙa gurbin dorina a kogin Kam, sannan a juyo a fita kafin duhu.

Ba kowace rana take bin wannan tsari ba. Wani lokaci jagora yakan samu labarin an ga garken ɓauna a wani kwari, sai a sauya hanya. Wani lokaci mota takan maƙale a mashigi a ɓata awa guda.

To wace dabba zan iya sa ran gani?

Birai ne kan gaba. Gogo, wanda wasu ke kira bika, kusan ba a rasa shi, garke-garke yake yawo har bakin hanya. Akwai kirka da jan biri a wuraren da daji ya buɗe. A cikin kurmi akwai wanda mutanen yankin suke kira baƙin biri, mai ɗigon fari a kan hanci kamar an shafa masa alli, da kuma gimchiki. Amma wanda ya fi ɗaukar hankalin baƙi shi ne biri mai roro. Baƙi ne wuluk, da farin gashi mai tsawo da ya zubo masa ta gefen baya kamar alkyabba, da doguwar jela mai farin tuntu.

Wata safiya mun tsaya ƙarƙashin wani dogon itace kusa da rafi, jagora ya ɗaga yatsa sama bai ce uffan ba. Mun fi minti biyar muna kallon ganye kawai. Can sai wani abu fari ya motsa, ashe jela ce ta sauko tana lilo. Da ido ya saba sai ga su har shida a kan reshe ɗaya, uwa tana rungume da jaririnta fari fat, domin haka ake haifarsu, sai daga baya baƙin yake fitowa. Da babban cikinsu ya yi tsalle zuwa itacen gaba, farin gashin nan ya buɗe a iska, wata yarinya da ke tare da mu ta kama hannun mahaifinta ta ce, "Baba, tashi yake yi!"

Cikin masu ƙaho akwai mazo, gwambaza, gada iri-iri, da ɓauna. Akwai gadu, da jan aladen kurmi mai tuntu a kunne, da wani ƙaton baƙin aladen daji da ba kasafai ake ganinsa ba. Can kan duwatsu akwai gadar dutse da kwanta-rafi na tsauni. A ruwa akwai dorina da kada, da giwan ruwa da tsage. Tsuntsaye kuwa an ƙirga fiye da iri 500, ga malam-buɗe-littafi da ke taruwa a kan danshin yashi kamar an watsa furanni. Damisa tana nan, ɗan kunya, dabbar nan mai ɓawo a jiki kamar sulke, shi ma yana nan, amma da dare suke yawo, sai dai ka ga sawu.

Zaki da giwa fa?

Kada ka sa rai. Dattawan yankin suna ba da labarinsu, amma farauta ta yi musu mummunar illa tun shekaru da dama, kuma baƙon yini ɗaya ba zai gan su ba. Duk wanda ya yi maka alkawarin zaki a Gashaka kuɗinka yake so.

Na ji ana maganar "biri mai ganga". Mene ne shi?

Shi ne babban birin nan mara jela da Turawa ke kira cimfanzi, kuma shi ne abin alfaharin Gashaka. Irin da ke nan a Najeriya da Kamaru kaɗai ake samunsa a duk duniya, kuma ya fi sauran danginsa ƙaranci. Masu bincike sun ƙiyasta akwai kimanin 1,000 a wannan gandu, abin da ya sa ake ɗaukar Gashaka ɗaya daga cikin manyan mafakarsa da suka rage.

Sunan ya samo asali ne daga ɗabi'arsa. Manyan itatuwan kurmi suna da saiwoyi masu faɗi da suka fito waje kamar bango. Namijin yakan zo a guje ya riƙa dukan saiwar da hannu da ƙafa yana ihu, ƙarar ta ratsa kwari ta yi nisa. Ranar da na fara ji, na ɗauka wani ƙauye ne ake biki a bayan tsauni, sai da jagora ya ce mini, "Malam, babu gida ko ɗaya ta can, su ne."

A shekarar 2000 wani masani daga jami'ar Landan, Volker Sommer, ya kafa aikin binciken birai a nan, da sansani a Kwano cikin kurmi. Daga binciken aka san cewa biran Gashaka suna gyara tsinke da sanda su zaƙulo zuma, har da ta galla, suna kuma tsoma tsinke a ramin kwarkwasa su suɗe. Kowace yamma kowannensu yakan lanƙwasa rassa ya yi sabon gado a saman itace.

Ganinsu da ido a yini ɗaya abu ne mai wuya, gaskiya ke nan. Ba su saba da mutane ba, kuma Kwano tafiyar awoyi ce a ƙafa daga ƙauyen Gashaka. Mai son gwada sa'arsa ya shirya kwana biyu ko uku. Mai yini ɗaya yana iya ganin tsohon gadonsu a sama, ko tsinken da suka yar a bakin rami, ko ya ji gangar daga nesa. Idan kuma Allah ya haɗa ku, a tsaya nesa. Mura da tarin ɗan Adam suna kama su, suna kuma kashe su, don haka mai mura ya haƙura da shiga kurmin ranar.

Dole ne sai da jagora? Ni fa na saba da daji.

Dole ne. Doka ce ta gandun, ba a barin baƙo ya shiga shi kaɗai. Amma ko da babu doka, da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya tashi yana farautar zomo a dajin Katsina ko Azare ya san daji, amma bai san wannan ba. Kwari ɗaya yana kama da ɗan'uwansa, kurmi yana rufe rana, hanyar da ka bi da safe sai ka rantse ba ka taɓa ganinta ba da yamma.

Yawancin jagororin 'yan yankin ne, suna jin Hausa da Fulatanci, wasu ma iyayensu maharba ne, sun gaji sanin sawu tun suna yara. Akwai ranar da muke tafe cikin doguwar ciyawa da wani Alhaji da 'ya'yansa biyu. Jagora ya tsaya cak, ya durƙusa, ya kai bayan hannunsa kusa da wani kashi a ƙasa. Ya miƙe ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Alhaji, da ɗuminsa. Ɓauna ce, kuma ita kaɗai ce. Mu koma da baya a hankali, kada kowa ya yi gudu." Mu ba mu ga komai ba, ba mu ji komai ba. Sai da muka zagaya muka hau wani tudu muka hango ta tsaye a inuwa, daidai inda hanyarmu za ta bi. Tsohon namijin ɓauna da ya rabu da garke shi ne mafi haɗari a cikinsu.

Saboda haka in ya ce a tsaya, a tsaya. In ya ce a yi shiru, a yi shiru. Kada a wuce gabansa, kada kuma wani ya tsaya a baya ɗaukar hoto ba tare da ya faɗa ba. Kuma a riƙa tambayarsa. Mutane ne masu ilimin itatuwa da magunguna da kukan tsuntsaye, amma da yawansu ba sa fara magana sai an nema.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Daga Disamba zuwa Maris. Damina a nan tana da tsawo da ƙarfi, takan fara tun wajen Afrilu ta kai har Nuwamba, koguna su cika su yanke hanya, mashigin da yaro ke tsallakawa da rani ya gagari mota. A Disamba da Janairu akwai sanyin safiya mai daɗin tafiya, sai dai hazo yakan ɓoye tsaunuka. A Fabrairu da Maris ciyawa ta kwanta ko ta ƙone, dabbobi sun matso bakin ruwa, an fi ganinsu, amma zafin rana a kwari ba wasa ba ne.

Mai niyyar zuwa cikin azumi ya yi tunani sosai. Tafiyar ƙafa a hawa ba tare da ruwa ba tana kayar da ƙato.

Ta ina ake bi?

Daga Jalingo a bi ta Garba Chede zuwa Bali, daga Bali a miƙe zuwa Serti. Ita ce hanyar da ta wuce ta hau tsaunin Mambila zuwa Gembu. A ware mata rabin yini ko fiye, a kuma yi ta da rana. Akwai filin jirgin sama a Jalingo ga mai son rage hanya. Motocin haya suna zuwa Serti, amma shiga cikin gandun sai da mota mai tudu mai jan ƙafa huɗu, irin su Hilux. Ƙaramar mota ta tsaya a gari. A cika tanki kafin a shiga, a duba safaya da jak.

Mai son ɓangaren Gumti kuma ta Yola zai bi, ya wuce Mayo Belwa da Jada da Ganye zuwa Toungo.

Me zan sa, me zan ɗauka?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Takalmi shi ne farko: kambas ko but mai rufe ƙafa wanda ka riga ka saba da shi, da safa mai kauri. Silifa da sabon takalmi duk ba su da wuri a nan. Dogon wando da riga mai dogon hannu, masu launin ƙasa ko kore. A guji fari domin yana tona mutum daga nesa, a guji baƙi da shuɗi mai duhu domin su ne suke jawo ƙudan tsando, cizonsa kuwa kamar allura yake. Babbar riga da kaftani mai sitati a bar su a masauki. Mata suna iya sa dogon wando a ƙarƙashin doguwar riga, da hijabi madaidaici wanda ƙaya ba za ta riƙa kamawa ba. Turare ma a haƙura da shi ranar, yana jawo zuma, yana kuma sanar da dabba zuwanka.

Ruwa aƙalla lita uku ga kowane mutum. Abinci mara nauyi: dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, gyaɗa, burodi, dafaffen ƙwai. Hula mai baki, maganin shafawa na sauro, tocila ko da ba a yi niyyar kai dare ba, da duk maganin da mutum yake sha kullum. Wanda yake da madubin hangen nesa ya taho da shi, ya fi kyamara amfani sau goma. A riƙe leda guda ta zuba shara, duk abin da aka shigo da shi a fita da shi.

Wata shawara ƙarama: a cusa ƙafar wando cikin safa. Kwarkwasa tana ratsa hanya a jere kamar baƙar igiya, in ka taka ba ka sani ba, sai ta hau har cinya kafin ta fara cizo. In ka ga layinta, tsallake da faɗi, kada ka tsaya kallo a kusa.

Ina za mu yi salla? Ana iya alwala a kogi?

Wurin salla ba ya wuya, ga inuwa ga shimfiɗaɗɗen dutse, ga yashi mai tsabta a bakin ruwa. A taho da ƙaramar darduma da buta. Maganar ruwa ce take son kula. Ƙananan rafukan da ke gudu a kan duwatsu, masu haske har kana ganin ƙasansu, jagora zai nuna maka inda za ka ɗiba. Amma gurbi mai zurfi da ya kwanta shiru, nan ne gidan kada da dorina. Kada kowa ya tsuguna a bakinsa.

Mutane suna raina dorina saboda jikinta, alhali a tudu tana iya tsere wa mutum, kuma tana cikin dabbobin da suka fi hallaka mutane a Afirka. Da dare take fitowa kiwo, ta koma ruwa da asuba ta hanyar da ta saba bi. Kuskuren da ba a so shi ne mutum ya tsaya tsakaninta da ruwa. A gurbin kogin Kam daga kan gaɓa ake kallonsu, a zauna a yi shiru, za ka ga kunnuwa da hanci suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, ka ji hucinsu.

Shan ruwan rafi kuma ban ba da shawara ba, sai an tafasa.

Zan iya zuwa da yara, ko da mahaifina dattijo?

Yaron da ya kai shekara takwas ko goma, mai jin magana, zai ji daɗin tafiyar fiye da kowa. Ƙanana sosai suna gajiya, suna kuka, kuma ba a iya sa su yin shiru. Dattijo mai ƙarfin ƙafa yana iya zuwa, a gaya wa jagora tun farko ya zaɓi gajeriyar hanya mara hawa, sauran a yi a mota. Mai ciwon zuciya ko hawan jini mai tsanani, da mace mai tsohon ciki, su dakata. Asibiti yana da nisa daga cikin dajin.

Abu ɗaya da nake roƙon iyaye: kada a bar yaro ya miƙa wa gogo abinci. Gogon da ya saba karɓa daga hannu yakan koma ƙwace, haƙoransa kuwa sun fi na kare tsawo. Daga nan sai ya zama ɓarawon gonakin ƙauye, ƙarshensa a kashe shi.

Yaya maganar tsaro?

Tambaya ce da ta dace, kuma amsarta tana canzawa daga wata zuwa wata, don haka a tuntuɓi ofishin gandun a Serti kafin a taso, a ji wane yanki ne a buɗe. Dajin yana fama da masu farauta ba bisa ƙa'ida ba, da masu haƙar ma'adinai, da masu saran madobiya, itacen da 'yan katako a Taraba suke kira madrid, wanda aka yi ta lodinsa zuwa ƙasashen waje har ya kusa ƙarewa a wurare da yawa. Akwai ma'aikatan gandun da suka rasa rayukansu a wannan aiki. Ina so baƙo ya tuna da haka idan ya ga mutumin da ke gabansa da bindiga a kafaɗa da tsohon takalmi.

A 2017 wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors ta ƙulla yarjejeniya da Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa don su gudanar da gandun tare, an kuma ɗauki ƙarin masu sintiri daga ƙauyukan yankin an horar da su. Wuraren da ake kai baƙon yini ɗaya su ne waɗanda aka fi sintiri a cikinsu. Sauran kulawar ta hanya ce: kada a yi tafiyar dare tsakanin Jalingo da Serti.

Za mu iya hawa Chappal Waddi a ranar?

Ba zai yiwu ba. Sunan da Fulatanci yana nufin tsaunin mutuwa, ana kuma kiransa Gangirwal, kuma yana can kan iyakar Kamaru. Daga ƙauyen Gashaka tafiyar kwanaki ce da 'yan dako da tanti. Masu hawansa da yawa sukan zagaya ta Mambila, su bi ta Nguroje da Njawai, nan ma sai an kwana a hanya. Haka Chappal Hendu, tsaunin iska, shi ma ba na yini ɗaya ba ne. In sama ta washe dai za ka hango jerin tsaunukan daga ƙasa, shuɗi a bayan shuɗi.

Da gaske akwai mutanen da suke zaune a cikin gandun?

Akwai. Lokacin da aka shata iyaka an bar wasu yankuna a matsayin keɓaɓɓun matsugunai, irin su Filinga da Sabere da kan tsaunin Hendu, inda Fulani makiyaya da manoma suke zaune bisa ƙa'ida. Sanyin tudu da ƙarancin tsando ne suka jawo shanu can tun da daɗewa. Zaman ba ya rasa gutsiri-tsoma, domin kiwo da ƙona daji suna cin gefen kurmi, gogo da aladen daji kuma suna cin gonaki. Baƙo ya shiga ƙauye da sallama, ya gaida mai gari ko jauro, kada ya ɗauki hoton kowa, musamman mata, sai da izini.

Na ji akwai wani tsohon gini na Jamusawa?

Akwai kufansa a kan wani tudu kusa da ƙauyen Gashaka, ragowar katangar dutse. Wannan yanki yana cikin ƙasar Kamaru ta Jamus kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya ya koma hannun Ingila. Sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi haɗewa da Najeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna. Hawan ba shi da tsawo, kuma daga sama za ka gane dalilin da ya sa sojoji suka zaɓi wurin: duk kwarin yana tafin hannunka. In lokaci ya ƙure, ni na fi son a bar shi a tsaya wa birai.

Nawa zan tanada?

Akwai kuɗin shiga, da na jagora, da na masauki, sai hayar mota da mai ga wanda bai zo da tasa ba, wanda yawanci shi ne ya fi nauyi. Farashi yana sauyawa, a tambayi ofishin gandun kai tsaye, a biya a ofis a karɓi rasit. A riƙe tsabar kuɗi, domin sabis yakan ɗauke ya hana tura kuɗi ta waya. In mutum huɗu ko biyar suka haɗa mota ɗaya abin yana sauƙi. Fiye da mutum shida ko bakwai a bayan jagora ɗaya kuma hayaniya ce, dabba ba za ta tsaya ba. Idan jagora ya kyauta, a yi masa alheri a ƙarshen yini.

Akwai sabis na waya a ciki?

A Serti akwai. Ana shiga daji yake ɗaukewa, sai dai wani tudu jefi-jefi. A sanar da gida tun da safe cewa ba za a same ku ba sai dare, a kuma kashe ƙarar waya. Hoton waya yana kyau ga tsauni da kogi, amma biri a saman itace ɗigo kawai zai fito. Na sha ganin mutum yana fama da waya har dabbar ta wuce bai kalle ta da idonsa ba.

In mun fito, mu kama hanyar gida ko mu sake kwana?

Ku sake kwana a Serti. Za ku fito a gajiye, ƙafafu sun yi nauyi, magariba ta kawo jiki, kuma direban da ya yini yana fama da mashigai bai kamata ya kama doguwar hanya da dare ba. Akwai masaukin baƙi na gandun da wasu ƙananan masaukai a gari, a kama ɗaki tun kafin a zo, musamman a hutun ƙarshen shekara. Kafin a kwanta kowa ya duba jikinsa da na yara ko kaska ta maƙale, a bayan gwiwa da ƙugu da hammata. Wanda kuma zazzaɓi ya kama bayan ya koma gida ya gaya wa likita inda ya je.

Mai sauran kwana ɗaya a hannu, da safe ya juya kudu maimakon arewa. Daga Serti hanya tana wuce Mayo Selbe ta fara nannaɗe tsauni har ta hau Mambila, inda gonakin shayi na Kakara suke, da shanu a kan korayen tuddai. A taho da rigar sanyi mai kauri, domin can sama ko a watan Maris sai an rufa da bargo.